Yadda Goggo ta tare a gidan mahauci

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a Garwa, ƙasar tana hannun shugabanta na farko, wanda shi ma ɗan garin ne. Unguwarmu ta Hausawa ce, mazan kuwa in ba mahauta ba to dillalan shanu ne, kamar maigidana. A kasuwa Fulatanci ake yi, a ofis Faransanci, sai mun shigo lungunmu muke sakin baki da Hausa.

A gidan na tarar da Goggo, yayar mahaifin maigidana. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun yi aure. Gajeriya ce mai jiki, ga son hira, ga dariya har da hawaye. Ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan wani mahauci. Matarsa sa'ata ce, daga Bibemi aka auro ta, don haka kowa 'Yar Bibemi yake ce mata. Nakan kife turmi in hau, ita ma ta hau nata, mu yi ta hira ta saman katanga, mu miƙa wa juna gishiri ko garwashi. Mijin nata, ranar da kasuwa ta yi kyau, ba ka da mutumin kirki kamarsa. Amma in nama ya yi kwantai a zafin nan na Garwa, sai ya dawo da la'asar fuska a murtuke, ya nemi dalili a miya ko a ruwan wanka, ya huce a jikinta. Muna ji daga tsakar gidanmu. Maigidana ya yi masa magana, liman ma ya yi. Sai ya ce ya tuba, ya yi ɗan lokaci, ya koma. Da aka ce a kai shi wurin jandarma, wato jami'an tsaro, matar ce ta ƙi. Ta ce za su jibge shi ne su sako shi, ya zo ya rama a kanta.

Wata safiya na hau turmi na kira ta, ta fito ta rufe rabin fuskarta da gyale. Iska ta ɗaga gyalen, na ga idon ya kumbura har ya rufe. Na sauko ina kuka, na faɗa wa Goggo. Koko take sha, sai da ta shanye sannan ta dube ni.

"Naɗe mini tabarmata," in ji ta. "Ki haɗa da buta da carbi."

"Ina za ki, Goggo?"

"Baƙunta."

Ni na ɗaukar mata kayan har gidan mahaucin. Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke tsakar gidansu, ta miƙe ƙafa. Da mahaucin ya dawo ya gan ta, sai ya durƙusa ya gaishe ta, don ita ta yi wa uwarsa wankan jego lokacin da aka haife shi.

"Goggo, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ɗana. Ɗakina ne ya zama tanda, na ga gidanka akwai inuwa, na ce bari in zo in sha iska. Gobe in za ka dawo ka taho mini da hanta, ka san haƙorana."

Washegari ya kawo hanta. Kafin azahar kuwa ƙawayen Goggo sun ji ta sauya masauki, suka zo gaishe ta. Wannan ta zo da audugarta da mazari, waccan da gyaɗar ɓara. Wata Bafillatana mai tallan nono ta leƙo ta yi gaisuwa da Fulatanci ta ce "Jam na?", aka amsa mata, ita ma ta sauke ƙwarya ta zauna. Baƙon baƙonka kuwa ai naka ne, dole a ba shi abinci. Haka tsofaffin nan suka mai da gidan dandali, kullum ana ƙaruwa. Ni ma nakan fake da kai wa Goggo goro in yini a can.

Ba wadda ta taɓa ambatar duka. Labaran dā kawai suke yi, na jiragen ruwa da ke hawo Binuwai da damina, da wace ta auri wa. Amma da zarar mahaucin ya fara ɗaga murya a kan miya, sai Goggo ta yi gyaran murya daga tabarma.

"Ɗana, da ni kake?"

"A'a, Goggo."

"To, na ɗauka da ni kake."

A kwanakin nan na fara jin 'Yar Bibemi tana dariya da ƙarfi. Ashe ta iya kwaikwayon mutane. Ta kwaikwayi tafiyar mai unguwa, tsofaffin nan suka yi ta faɗuwa kan juna.

Da abin ya ishi mahaucin, sai ya kai kuka wurin Sarkin Pawa. Maigidana yana wurin, shi ya ba mu labari yana riƙe ciki.

"Ranka ya daɗe, tsofaffi sun cinye ni."

"Sun zage ka?"

"A'a."

"Sun ɗauki wani abu naka?"

"Sai dai abin da na ba su."

"To ƙarar baƙi ka kawo mini? Ni ma gidana akwai inuwa. Me ya sa ba su zo nawa ba?"

Mahaucin ya sunkuyar da kai. Sai Sarkin ya daina wasa, ya ce masa labarin idon yarinyar nan ya zo kunnensa, kuma in ya sake jin irinsa, to ya nemi wata kasuwar, ba shi ba tebur a cikin mahautan Garwa.

Da yamma mahaucin ya zo ya tsuguna gaban tabarma, a gabanmu duka.

"Goggo, me zan yi ki koma gida?"

"Kora ta kake yi?"

"Wane ni."

"To ba ni za ka tambaya ba. Ga wadda za ka tambaya can."

Ashe tun ranar da ta sauka, Goggo ta ja 'Yar Bibemi ɗaki ta ce mata in gida take so, ita da kanta za ta sa ta a mota, in kuma zama take so, ta yi tunanin abin da zai zaunar da ita. Sai ga 'Yar Bibemi ta fito daga madafa. Ta ce za ta zauna, amma kada ya ƙara taɓa ta. Ta ce ya bar ta ta riƙa yin dambun nama tana sayarwa, don ta iya. Sannan ta nuna katangar da ke tsakaninmu.

"A huda ƙofa a nan. Ranar da na ga ka shigo da baƙar fuska, sai in wuce can har ka huce."

Ya dubi katanga, ya dubi tsofaffi, ya ce ya yarda. Maigidana ma ya yarda, aka kira magini. Ƙofar ta fito 'yar siririya, sai da Goggo ta karkace sannan ta wuce ta koma ɗakinta, tana cewa da gayya aka yi mata.

Ba a rana ɗaya mahaucin ya sauya ba. 'Yar Bibemi ta bi ƙofar nan sau da yawa, ta zauna muna tsince shinkafa har a ji ya fara tari a can, alamar ya sauko. Amma hannunsa bai sake kai wa jikinta ba.

Labari ya bazu, mata daga wasu lunguna suka fara zuwa aron Goggo. A kasuwa in mutum ya cika fushi sai a ce masa, "Kai, baƙi kake so?" Akwai gidan da abin bai yi ba, matar ta ce ta gaji, Goggo ta raka ta tasha ta sa ta a motar Marwa. Goggo ta kuma yi ta mita da aka kira ta gidan wani tela, wai miyar kuka ce safe da yamma.

Daga baya mahaucin ya kwashe iyalinsa zuwa Ngaundere, bayan jirgin ƙasa ya isa can. Shekaru sun ja kafin in je garin bikin wata 'yar'uwata. Ina tsaye a tasha ina jiran mota sai na ji an rungume ni ta baya. 'Yar Bibemi ce, ta yi jiki, tana da rumfarta ta dambun nama a nan tashar, da 'yan mata biyu masu taya ta. Ta ce babbar 'yarta tana lekol, wato makarantar boko, wai aikin asibiti take so. Ta ja ni cikin rumfa ta zaunar, muka yi ta hira har yaron mota ya gaji da kira, ya zo da kansa ya ɗauki jakata.