Katin Gayyatar da Ban Samo wa Baffa Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen tarbar baƙi na ma'aikatarmu, kuma in za a faɗi gaskiya, aikina jera kujeru ne. Ina da digiri, ina da tebur har da hatimi, amma abin da gwamnati ta san ni da shi shi ne sanin wanda zai zauna a gaba da wanda zai zauna a ƙeyarsa. Duk shekara da Janairu ta kama sai a kafa kwamitin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, a jefa ni ciki. Zama shida muke yi: biyar a kan launin rumfa da wadda za a ba kwangilar abinci, na shida a kan katin gayyata. Sojan da ya mutu kam, ban taɓa jin ya shigo ajanda ba.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana zaune a Kawo bayan tasha. Saje ne ya yi ritaya. Ya je Laberiya da ƙafa biyu lafiyayyu ya dawo yana ɗingishi, daga baya kuma yanar ido ta kama shi, har ya zama da murya yake gane mutane. Ɗansa na fari ya bi sawunsa cikin kaki, aka tura shi Borno. Ta waya aka sanar da Baffa, a can aka binne shi, jakarsa kawai ta dawo gida. Ban ga hawayen Baffa ba ko a zaman makoki. Sai da Disamba ta zo ya aika a kira ni.

"Kai da kake gwamnati," ya ce, don a gidanmu duk mai zuwa ofis gwamnati ne, "bana ina so in tsaya a filin nan. A busa begila ina tsaye. Yaron nan ban ga kabarinsa ba."

Na ce, "An gama, Baffa. Kati ai a hannuna yake."

Baki shi ke yanka wuya. Katin a hannuna yake, gaskiya ne, amma kamar yadda kuɗin banki ke hannun mai ƙirga su. Babban sakatare ya kwashi nasa har da na surukai. Daraktoci suka ɗauki na matansu, ɗan kwangilar rumfa ya karɓi uku. Da na yi wa daraktanmu maganar Baffa, ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba, ya ce tsofaffin sojoji ƙungiyarsu ke kawo su. Na je ƙungiyar, aka ce an rufe sunaye tun bara. Na leƙa takardar da idona, na ga sunan mutum biyu da ni kaina na san sun riga mu gidan gaskiya. Su suna da gurbi, Baffa mai rai ba shi da shi.

Kunya ta hana ni komawa Kawo hannu rabbana, sai na ɓullo da dabara, irin dabarar da sai ma'aikacin gwamnati ke iya ƙullawa. Ana gobe taro akan yi gwaji na ƙarshe a filin fareti. Sojoji kan zo cikin cikakken kaki, 'yan badujala su zo da kayan busa, kuma ba mai tambayar kati a ƙofa. Abin da babu kawai shi ne manya. A madadin babban baƙo, masinjan ofishinmu ake sa wa babbar riga ya taka, saboda duk ma'aikatar ba wanda ya kai shi tumbi da tafiyar ƙasaita. A madadin furannin da babban baƙo ke ajiyewa don tunawa da mamata kuma, tayar babur ce aka naɗe da jar takarda. Na je na ce wa Baffa bana an matso da taron da kwana ɗaya saboda tsaro. Ya jinjina kai ya ce hakan daidai ne.

Da sassafe na tarar da shi a ƙofar gida cikin tsohon kakinsa, kakin ya sha guga har yana sheƙi, lambobinsa uku a ƙirji. Wandon ya yi masa yawa, ya ɗaure da bel har rami na ƙarshe. Tun daga Kawo har filin bai jingina da kujerar mota ba, don kada rigar ta yamutse.

Na ja masinja gefe na roƙe shi ya rufa mini asiri. Mutum ne mai barkwanci. A gwajin bara har jawabi ya yi, ya yi alkawarin raba wa kowa jirgin sama. Ya ce, "Oga, kada ka damu, yau zan yi mulki da adalci."

Na tsayar da Baffa a layin da aka shata wa tsofaffin sojoji, shi kaɗai sai wasu kurata huɗu da aka sa su cike gurbi. Aka busa begila. Na sha jin wannan busa ina lissafin kujeru, amma ran nan sai na kalli Baffa. Ƙafar da ke ɗingishi ta miƙe, ya ƙame. Masinja ya ajiye tayarsa, ya taho yana duba layi, yana baza riga. Da ya iso, Baffa ya buga ƙafa ya sara masa, ya faɗi lambarsa da muƙaminsa da ƙarfi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ɗana muka zo. Shi yana Borno, a ƙasa."

Na ga dariyar da masinja ya ƙunso ta koma ciki. Ya tsaya. Hafsan da ke riƙe da agogo yana ɗaga masa hannu ya wuce, bai wuce ba. Ya ce, "Baba, yaya sunansa?" Baffa ya faɗa. Ya tambaye shi ko ya bar iyali, Baffa ya ce mata da 'ya ɗaya. Sai masinja ya ɗaga hannu sama ya ce a yi wa yaron nan Fatiha, ya ambaci sunansa. Kuratan nan suka ɗaga hannu, 'yan badujala suka sauke kayan busa, hafsan ma ya tura agogonsa aljihu ya shafa. A hanyar komawa Baffa ya yi kuka a motata, kukan da bai yi ba wata biyar. Ni kuwa ina tuƙi ina jin kaina gwani.

Abin da na manta shi ne rediyo. Baffa ko banɗaki zai shiga da ita yake zuwa.

Washegari aka yi na gaske. Babban baƙo ya makara da awa biyu, tsofaffin sojoji suna tsaye a rana, ɗaya ya yanke jiki aka janye shi bayan rumfa don kada ya ɓata hoto. A shirun minti ɗaya wayar matar wani darakta ta ɗauki kiɗa, ta kuwa amsa. Layi guda na kujerun da aka hana ni kati dominsu ya wuni ba kowa, sai robar ruwa a kan kowace kujera. Duk wannan ana watsa shi kai tsaye, kuma Baffa yana zaune a majalisarsu ta bakin tasha, inda tun jiya ya gama ba kowa labarin yadda babban baƙo ya yi wa ɗansa addu'a.

Bayan la'asar na je. Yana zaune a zaure, rediyon a kashe. Na durƙusa na gaishe shi, sai ya jefo mini tambaya.

"Wa na sara wa jiya?"

"Masinjan ofishinmu ne, Baffa."

"Tun hantsi ake yi mini dariya a tasha. Wani da ya san yadda ake gwajin ya ce wai Saje ya yi fareti a gaban tayar babur." Ya juyo da idanun nan nasa inda muryata take. "Shekara ashirin da biyu manya suna yi mini ƙarya ina cewa yassa. Ban zaci har da kai ba."

Na so ƙasa ta tsage. Na fara ba shi haƙuri, ina kawo zancen babban sakatare da ƙungiya, ya ɗaga mini hannu.

"Na yau ɗin, na gasken. Da ya zo duba layi, ya tambayi sunan wani?"

"A'a, Baffa. Wucewa ya yi."

Ya lalubo rediyonsa ya ɗora a cinya.

"Baɗi in muna da rai, kada ka wahalar da kanka neman kati. Ka kai ni ranar masinja."