Matar da ta tsayar da mu a kan talatin da bakwai

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa riskar ta a hanya ba. Kafin mu likitoci mu shigo muna hamma, ta wanke tiyon nan mai kyamara da muke zurawa ta baki mu leƙa cikin mutum, ta gwada fitilarsa, ta jera robobin da ake cizawa. Sannan ta fita wurin masu jira, ta zauna kusa da wanda ya fi kowa tsurewa. "Baba, ba ciwo, sai dai yunƙurin amai. Ka riƙe hannuna, in ka karya shi asibiti muke." Shekara ashirin da tara ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta aje aiki.

Ma'aikaciyar jinya ce, Mai-Awo muke ce mata. A jikin tiyon akwai lambobi, su ke nuna santimita nawa ya shiga daga haƙoran gaba. Mu idonmu na kan allo, ita nata na kan bakin mara lafiya. Da likita ya ce "ga abu nan", za ka ji muryarta: "Nawa? Wane gefe?"

Ni kuwa lokacin ina sabon likita, kaina ya fi ƙarfin hulata. Wata Talata aka kawo wani dattijon tela, abinci na tsaya masa a ƙirji. Na leƙa, na ga ɗan tabo bai kai ƙwayar wake ba, can kusa da inda hanyar abinci ke haɗuwa da tumbi. Na tsinko ɗan nama don gwaji, na rubuta: tabo a ƙasan hanyar abinci.

Ta duba takardar, ta dube ni. "Likita, ƙasan hanyar abinci ai unguwa ce guda. Wane gida?"

"Sista, wanda zai karanta ba makaho ba ne," na ce mata, har da ɗaga kafaɗa. Allah Ya yafe mini.



Bayan mako uku sakamako ya dawo: ciwon daji ne, amma yanzu ya fara. In an same shi, za a kankare shi ta cikin tiyon, tela ya koma kan kekensa. In ba a same shi ba, sai babbar tiyata, a buɗe ƙirji a yanke hanyar abincin, kuma zuciyar dattijon ba lallai ta ɗauka ba. 'Yarsa tana zaune a baranda, ta rungume takalmansa.

Babban likitanmu ya shiga da kansa. Wurin da na tsinka ya warke, ya shafe, ya saje da sauran. Ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Minti ashirin. Ya ce a karanto masa abin da na rubuta, aka karanto. Kallon da ya yi mini, wallahi har yau ban manta da shi ba.

"To, sai tiyata," ya ce, ya fara janyo tiyon.

Sai ga yatsun Mai-Awo biyu sun riƙe shi a bakin tela. "Ranka ya daɗe, a ɗan mayar kaɗan. Kaɗan kuma. Talatin da bakwai. Tsaya nan. Santimita biyu ne saman mahaɗar, wajen ƙarfe biyu in ka ɗauki allon agogo ne." Ashe ranar da na yi mata rashin kunya, da fensir ta rubuta a bayan katin mara lafiyar.

Babban likita ya wanke wurin, ya matso da kyamara. Ga shi nan, ɗan faci mai sauyin launi, wanda da mun wuce shi sau goma ba mu gani ba. Kafin azahar an cire shi.

Da na fito, 'yar tela ta durƙusa tana kuka, tana sa mini albarka, wai ni na gano cutar mahaifinta da wuri. Na karɓi godiyar. Mai-Awo ta wuce ta gefenmu da tire a hannu, ta ce, "Sannu da aiki, Likita," ta shige ɗakin wanki.

Mai-Awo, ke ce kika koya mini cewa gani ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai wanda zai zo bayanka ya iya samun abin da ka gani. Ke ce ba ki taɓa tona ni ba, ko a cikin raha. Uwar ɗakin leƙe, mai yatsu biyu masu tsayar da manya, na gode. Ina ƙaunarki kamar yayata, kuma ina jin kunyarki.

Ku masu tasowa, in kun ga abu, ku faɗi nawa, ku faɗi gefe, ku rubuta yadda baƙo zai gane. In kuma wanda ke ƙasa da ku ya yi muku gyara, ku sauke kafaɗa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tela na nan da ransa, yana cin abincinsa lafiya. Duk shekara sai ya ɗinko mini riga, 'yarsa ta kawo. Jiya na je shagonsa na faɗa masa gaskiya, cewa Mai-Awo ce ta cece shi, ba ni ba. Ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya ɗauko tef ɗin awonsa ya rataya a wuya, ya ce, "Tashi ka kai ni wurinta."