Tsutsar Magarya

Ranar wata Talata ce da sassafe, kwana uku bayan saukar ruwan farko, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Na fito da tsintsiya zan share tsakar gidanmu na Fagge, sai na tarar da Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, tsaye da buta a hannu tana salati ƙasa-ƙasa. A jikin bangon ɗakin Inna, daidai saman taga, wasu manyan malam-buɗe-littafi ne guda bakwai suka lafe, kowanne ya kai tafin hannun babba. Launinsu ja ne mai duhu da ratsin fari, kuma a kowane fiffike akwai wani tabo zagayayye mai sheƙi, sak ido. A cikin ɗakin kuwa ƙanena Sani ne kwance, kwanansa shida yana fama da zazzaɓi. Ban san yadda aka yi suka zo ba, amma na san abin da na ɓoye a ƙarƙashin tagar nan.

Abin ya samo asali ne tun ƙarshen damunar da ta gabata. A hanyarmu ta makaranta akwai wani kango da ciyawa ta cinye, da wata magarya a tsakiyarsa. Mutanen unguwa sun ce da aljanu a ciki, Baba kuma ya rantse duk ɗansa da ya taka wurin sai ya ci na jaki. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a hana ni abu in hanu. Ƙawata Ngozi, wadda muke zama benci ɗaya, 'yar Sabon Gari ce, babanta gyaran rediyo yake yi. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ta wasunmu. Kowace Asabar sai ta zo gidanmu mu yi 'yar carafke da tsallen igiya, Inna ta yi mata kitso, ta ci tuwo ta tafi. Ita dai ba ta taɓa shiga kangon ba. A bakin rusasshiyar katangar take tsayawa riƙe da jakata, tana leƙen hanya tana cewa, "Dije, wallahi Babanki zai yanka ki."

A kan magaryar nan na ga tsutsar. Kaurinta ya kai babban yatsan Baba, koriya ce mai haske da ƙananan ƙuraje a jere a bayanta, jikinta kamar an barbaɗa mata gari. Na karyo ta da reshenta, na sa a kwalin takalmi, na rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro, na cusa a bayan itacen girki da ke ƙarƙashin tagar Inna. Kullum in an tashi daga makaranta sai na koma kangon na tsinko mata ganye, ƙaya na yagar hannuna. Ban taɓa ganin mai ci irinta ba. In na kasa kunne har ƙarar tauna nake ji. Wata rana ta daina ci, ta yi ta zagaye kwalin kamar mai neman abin da ta yar, sannan ta manne da reshe ta fara jan zare daga bakinta tana naɗe kanta. Kwana biyu, sai ga 'yar jaka mai ruwan toka tana lilo. Daga nan shiru. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo, Ngozi ta ce in zubar, ta mutu. Amma in na ɗan girgiza jakar a saitin kunnena sai in ji abu ya motsa, don haka na ƙi.

Ranar Litinin da la'asar, bayan an yi ruwa, na je ɗibar itace na leƙa. Jakar ta huje ta sama, ga wata halitta mai ƙaton ciki tana reto a jikin ragar, fikafikanta a cukurkuɗe kamar wankin da aka matse. Na manta da girkin da aka sa ni, na tsuguna ina kallo har suka miƙe sarai. Murna kamar ta kashe ni. Na kwana da niyyar gobe in nuna wa Ngozi, in ga ta inda za ta kare kanta. Sai gari ya waye da baƙi bakwai a bango.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba. Ta hargitsa itacen nan har ta zaro kwalin, ta ga ta takwas a ciki da idanunta a buɗe, ta sake shi ta ja da baya. "Jifa ne," ta ce. "An kawo mana har ƙarƙashin kan yaron nan." Baba ya fito da carbi a hannu, ya dubi kwalin, ya gane na takalmin sallata ne. A hankali ya tambaye ni inda na samo. Na dubi fuskarsa, na tuna rantsuwarsa a kan kango, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ngozi ce ta ba ni." Ban shirya ƙaryar ba, amma ban janye ta ba. Gwaggo ta tafa hannu ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da shige da ficen yarinyar nan ba. Ta jefa kwalin cikin murhu da abin da ke ciki, ta kore na bangon da tsintsiyata, ta turara ɗakin da hayaƙi.

Ranar Asabar Ngozi ta zo kamar kullum, da kanta a tsefe saboda kitso. Duk makon na kasa gaya mata komai. Gwaggo ta tare ta a soro. Ina laɓe a bayan ƙofar madafi, ina jin kowace kalma. An gaya mata abin da na ce, an kuma ce kada ƙafarta ta sake taka gidan nan. Na jira ta ƙaryata ni, don kalma ɗaya ta ishe ta: kango. Ba ta faɗe ta ba, sai kawai ta ce, "To, Gwaggo," ta juya. Ta san dukan da zan sha, shi ya sa ta haɗiye. Wannan shirun nata ya fi mini bulalar Baba ciwo, har yau kuma bai daina ba.

Sani ya warke bayan allurar asibiti, Gwaggo ta ce hayaƙinta ne. Iya Hauwa, wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ta tsufa tana kaɗin zaren tsamiya, wanda ake samu daga jakar tsutsa, wa masu aikin riga, ta zo barka, aka ba ta labari, ta yi dariya har da tari. "Maza ne suka biyo mace," ta ce. "Ƙamshinta suke ji tun daga nesa. Ko bakin cin abinci ba su da shi, kwana kaɗan ne nasu, su haɗu ta yi ƙwai su mutu." Inna ta sunkuyar da kai, ta ce in gaya wa ƙawata ta dawo. Amma da wane ido zan je? Ngozi ta riga ta canza benci. Sau ɗaya ta yi mini magana, a bakin famfo, ta ce, "Ya jikin Sani?" Na ce da sauƙi. Na yi ta cewa gobe zan ba ta haƙuri, har muka gama firamare, na ji sun koma garinsu.

Yanzu inda kangon yake an yi bene, an cika shi da dilolin atamfa na 'yan kasuwar Kwari. Babu magarya, babu ciyawa, 'ya'yana kuma ba su taɓa ganin malam-buɗe-littafin da ya kai tafin hannu ba. In na ba su labari sai su ɗauka ƙari nake yi. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, na kan tsinci kaina ina duba bango da sassafe. Sai da na yi aure na haifi biyu sannan na iya gaya wa Baba gaskiya, cewa ni ce na shiga kango. Ya dube ni yana murmushi, ya ɗan yi tunani, ya ce, "Wace Ngozi?" A gidanmu kowa ya manta, ni kaɗai aka bari da abin.