Hujjar da Na Haddace

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai taɓa ranar da aka tsayar da mu biyu gaban allo a jami'a, can hayin kogi wajen Lamordé. Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, fari kuma ya kora mutanen karkara zuwa Yamai, sun kakkafa bukkoki a bakin gari suna jiran tsabar taimako.

Ni a zauren karatun allo na tashi. Na iya ajami tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko, kuma Allah ya ba ni kai mai riƙo. Da muka fara darasin mantiƙi a sashen lissafi, inda ake rubuta magana da alamomi, "ga kowane abu" da "akwai wani abu", sannan a gina hujja layi bayan layi, kowane layi da dokar da ta halatta shi, sai na ɗauke shi kamar karatun allo. Mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, ya rubuta, in haddace, gobe in kawo ba gyara.

Akwai wani ɗan Dogondutsi a ajinmu, Kirista, uwarsa ma'aikaciyar asibiti ce. Ni ina ce masa Ba'are, yadda ake kiran mutanen yankinsu, shi yana ce mini Alaramma. Yana da nawa ƙwarai. Hujja guda sai ta cinye masa yini, ya rubuta ya goge, yana tambayar kowane layi wa ya ba shi izinin zama a wurin. Amma na lura in ya yi tambaya Mushe kan ajiye alli ya juyo gaba ɗaya, ni kuwa in na kawo tawa sai ya gyaɗa kai kawai. Wannan juyowar ta riƙa cina. Nakan idar da salla ina istigfari, in shiga aji in tarar abin yana nan inda na bar shi.

Shekarar aka rage komai saboda yunwa, gurbin ƙaro karatu a waje ya koma guda tak a sashenmu. Makinmu ni da Ba'are ya zo daidai, Mushe ya ce zai raba mu a allo. Na kwana biyu ina tilawar duk hujjojin da muka yi, har ina tausaya wa Ba'are a raina.

Mushe ya raba allon biyu, ya rubuta mana abu ɗaya: daga wannan jimla, a fitar da waccan. Ina gani na ce ai na san ta. Na kama rubutu, hannuna yana gudu, na cika gefena na ja layi. Na saci kallon Ba'are, ko ɗigo bai sa ba, yana tsaye da alli a hannu. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Can sai ya ce, "Mushe, wannan ba ta fita."

Ba'are ya juya ga allo. Ya zana mutum biyu da buhu biyu. Ya ce jimlar farko cewa take kowane mutum akwai buhun da aka ba shi, ta biyun kuwa cewa take akwai buhu guda wanda shi aka ba kowa da kowa. Ta farko na iya zama gaskiya ta biyu ta zama ƙarya. Sannan ya ƙara a hankali, "Sai dai in irin rabon da ake yi a bakin gari ne." Dariya ta taso ta koma ciki, don a zamanin ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba.

Ashe Mushe juya tambayar ya yi da gangan. Wadda na haddace daga ta biyu take zuwa ta farko. Ya zo gefena, ya ɗora yatsa a wani layi ya tambaye ni dokar da ta ba ni shi. Na duba, babu. Ya ce, "To me ya sa ba ka yi shakka ba?" Na ce ai shi ya rubuta. A inda na tashi, abin da malam ya ɗora a allo karɓa ake yi, ba a tuhumarsa.

Ba'are ya samu gurbin. Ranar tafiyarsa na raka shi, na ce Allah ya sa alheri, amma kalmar da nauyi ta fito. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alaramma, da kanka ne a wuyana da ban sha wahala ba." Ko wannan ma haushi ta ba ni, don na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi shekaru in na ji labarin ci gabansa sai abinci ya fita raina.

Na ƙare ina koyar da lissafi a kwaleji har na yi ritaya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin ka zage kana kafa wa magana hujja, fara tambaya ko gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. Hassada kuwa ta sa na yi ta ƙirga sau nawa aka juya wajensa, ban taɓa tsayawa na saurari abin da yake tambaya ba.