Tsohuwa Mai Takalmi Ƙafa Ɗaya

Mai kemis yana goge ranar lalacewar magani daga jikin kwalabe, hannunsa a ƙarƙashin tebur, sai ya ɗaga kai ya gan ta. Tsohuwa ce doguwa, gicciyen katakon da ke wuyanta ya yi baƙi saboda shafawa. Ta rungume takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙirji. Bai ji shigowarta ba, alhali ƙofar nan ƙara take yi.

"Mama, me za a ba ki?"

"Ɗana, abin da kake yi zunubi ne," in ji ta a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Daga inda take tsaye ba a hango hannunsa.

"To, ina ruwanki?"

"Da na tsane ka, ai shiru zan yi in wuce. Yesu bai yi mini shiru ba."

Yana kallon takalmin. Wataƙila na jikanta ne. Wataƙila wani mai kemis ya taɓa yin haka, kowa ya gani, babu wanda ya tanka.

Ta dafa kansa da hannu mai sanyi ƙalau, ta fita. Takalmin kuwa ta bar masa a kan tebur, kusa da maganin tarin yara.