Asabar ɗin Sambo Bakanike

Sambo bakanike ne a Rafin Guza, kuma tun da aka haife shi bai taɓa mallakar ko keke ba. Amma a shekarun tamanin babu wanda ya fi shi shan daɗin mota a unguwar. Duk motar da ta kwana garejinsa ranar Juma'a, to ta shiga uku, don Asabar da hantsi sai ya ce za shi gwaji. Gwajin wasu kanikawa iyakarsa Kawo. Nasa kuwa sai ya biya gida ya ɗauki matarsa Safara'u da kwanon ɗanwake, su miƙe hanyar Zariya, su karya ta Marabar Jos, su nausa daji.

Ba itace yake nema ba, kuma ba shi da gona. Fure yake zuwa kallo. A bakin wani tafki ya girma, can wajen Soba, kuma hayaƙin gareji bai taɓa wanke masa son abin ba. Farkon damina albasar kwaɗi yake bi, ƙarshenta kuma bado a kan ruwa da duman rafi da ya malale gefen hanya. Sai ya kashe mota, ya zauna a kan bonet yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Safara'u ta tsinko na tsinkowa ta ƙulle a gefen zane. Ba su taɓa gaya wa kowa ba, don sun san irin dariyar da za su sha.

Babban kwastomansa shi ne Alhaji Idris mai atamfa, mazaunin Malali. Ta dalilinsa rabin 'yan layinsu a kasuwa suke kawo wa Sambo mota, in ya juya baya duk za su bi shi. Wata Litinin Alhaji ya sa hannu ƙarƙashin kujerar farar Fijonsa yana laluben carbi, sai ya jawo ƙullin busassun furanni an ɗaure da zaren lilo. Safara'u ce ta manta da su.

Ko takalmi bai daidaita ba ya iso gareji.

"Sambo! Me na yi maka? Wa ya ba ka aikina?"

"Wane aiki, Alhaji?"

"Wannan!" Ya ɗaga ƙullin da tsinke, don ya ƙi taɓawa da hannu. "Shi ya sa kwana biyu ciniki ya tsaya, ga ƙafata ta dama tana min zugi."

Masu faci da mai shayi suka kewaye su. Sambo ya auna lamarin. In ya yi shiru ya zama mai sammu, babu wanda zai sake ba shi makulli. In ya yi magana ya tona wa kansa asiri. Ya zaɓi ta biyun, ya faɗi komai, har da ɗanwaken.

Ai kuwa sai abin ya ƙara lalacewa. Satar yawo da mota kowa ya gane, wane bakanike ne ba ya yi? Amma a ce magidanci mai gemu ya ƙona fetur don ya kalli ciyawa, wannan ƙarya ce ta raina hankali. Mai shayi ya ce ko yaro ba zai shirya irinta ba.

"To," in ji Alhaji, "Asabar ka kai ni. In babu bukkar boka a wurin, na yarda."

Suka tafi su biyu, Alhaji yana ta tofe-tofe har suka bar kwalta. Sambo ya tsaya bakin tafkin da ya saba. Bado ya rufe ruwan fari fat, ya buɗe wa rana, ga tsuntsaye suna taka ganyen. Alhaji ya leƙa bayan kowace bishiya, bai ga ko tukunya ba. Ya dawo ya tsaya. Can sai ya tattare babbar riga ya zauna a kan ciyawa yana kallon badon.

"Akwai irinsa a bayan gidanmu na ƙauye," ya ce a hankali. "Inna kan aike ni in tono mata. Tun rasuwarta ban sake gani ba."

Tausayinsa ya kama Sambo, ya kau da kai ya bar shi ya goge ido. Sai da azahar ta gabato suka tashi.

A Kawo Alhaji ya dafa masa kafaɗa. "Wannan motar, ina jin za ta riƙa ba da matsala duk Asabar."

"Haka nake gani, Alhaji."

"Kuma in an tambaye ka a kasuwa, ka ce wurin mai magani kake kai ni."

"Haba Alhaji! Ai sunana ne nake son wankewa."

"Naka ya riga ya ɓaci, Sambo. Nawa kake so a haɗa? A ce Alhaji Idris yana zuwa kallon fure?"

Haka aka yi. Motocin kasuwa suka ci gaba da zuwa, har suka ƙaru, don yanzu kowa yana son a gyara masa kafireta a kuma ɗan sa masa hannu. Har ya tsufa ya ajiye sifana, Sambo Boka ake ce masa, kuma bai taɓa musawa ba.