Nyaguthii da Allo Mai Araha

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran agogo a bakin shagon Nyaguthii da ke titin Luthuli, ban taɓa jin ta fara tambayar mutum nawa ya zo da shi ba. Harhaɗa kwamfuta ce sana'arta. Duk wanda ya zo neman madabod, allon nan na ciki da ake kakkafa sauran kaya a jikinsa, sai ta turo masa kujera da ƙafa, ta ce, "Me za ka jona mata?" Kuma ba ta duba hoton da ke jikin kwali. Juya allon take yi, ta ƙura wa kafofin bayansa ido.

Wata Talata da hantsi wani dattijo, Mzee Wamalwa, ya zo da 'yarsa Nanjala. Shi da matarsa sun yi shekara ashirin suna buga wa mutane takardu a unguwar Kawangware. Matar ta rasu bara, kwamfutar kuma ta mutu makon jiya. Yana rungume da wani abu a naɗe cikin zane.

Nanjala ta nuna wani allo mai fitilu kala-kala. "Wancan za a sa wa Baba. Ba na son kayan araha."

"Mzee disko zai buɗe?" in ji Nyaguthii.

"Ke dai ki sauko da shi."

Tsohon ya ƙara rungume ƙunshinsa. Nyaguthii ta miƙa hannu, ya ɗan yi jim, sannan ya warware zanen. Tsohon kibod ne da ya koma ruwan ƙasa, rabin haruffansa sun goge, tsakiyar wasu har ta lotsa. Bakin wayarsa zagayayye ne, irin na da.

"Baba, na ce ka bar wannan a gida. Sabo zan saya maka, marar waya."

"Ban ƙi ba," ya ce a hankali, amma bai sake shi ba.

Nyaguthii ta sauko da allon fitilun, ta juya shi, ta nuna wa Nanjala bayansa. Babu kafar da wannan baki zai shiga. Sai ta durƙusa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin kantar shagon, ta hure ƙurarsa. Ƙaramin allo ne, ba ado, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba. A can gefensa akwai zagayayyiyar kafa guda.

"Masu tsada sun daina kula tsofaffi," ta ce. "Wannan kuwa bai yi girman kai ba. Ko ba haka ba, Mzee Okoth?"

Na ce mata ni agogo na sani.

"Mutane za su ce na yi wa ubana rowa," in ji Nanjala.

"Turo mini su. Ragowar kuɗin ki saya masa kujera, wuyan nan nasa ya fara lanƙwasa."

Kafin shayin da muka aika a kawo ya huce, ta gama haɗawa. Ta soka wayar, 'yar koriyar fitilar kibod ɗin ta kama. Mzee Wamalwa ya zauna, ya ɗora yatsunsa a cikin lotsattsun wuraren nan. Sun yi masa kaɗan, domin ba yatsunsa ne suka lotsa su ba, na marigayiyar matarsa ne. Ya buga layi guda ba tare da ya duba ba.

Nanjala ta leƙa ta karanta, sai ta fita waje, wai hayaƙin matatu, motocin hayar nan, ya shigar mata ido. Matatun ai a waje suke.

Nyaguthii ta ninke zanen, ta ajiye masa a kan cinya, ta juya ga na gaba. "Kai kuma, me za ka jona mata?"